Auta a Kwandon Wanki

Masu karatu ku gyara zama, don abin da zan faɗa muku yau ko aminiyata ban faɗa wa ba. Wanda bai san ni ba, ni likitar dabbobi ce, shekarata biyu ina aiki a wani ƙaramin asibiti mai ɗaki uku da baranda. A gidanmu dai ba a ɗauki wannan a bakin likitanci ba. In baƙi suka zo Umma kan ce, "Ga 'yata likita," sai ta yi maza ta miƙa musu ruwa kafin su tambayi ta wane ɓangare. Gwaggona kuwa ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, Likitar Akuyoyi take kirana gatsal, amma duk ranar da kazarta ta yi tagumi ni take fara bugo wa waya.

Da annoba ta shigo aka kulle gari, mu aka bar mu muna fita, tunda dabba ba ta san doka ba. Shugabanmu, wani dattijo mai furfura da muke kira Baba Likita, ya kwashi rabin safar hannunmu da takunkumi ya bai wa asibitin mutane, har da tukunyar iskar numfashi ɗaya cikin biyun da muke da su. Ya ce ran ɗan Adam ne gaba, babu wanda ya musa. Sauran muka dinga lallaɓawa. Takunkumina na yadi na wanke shi, na wanke shi, har ya fara kama da rariya.

Ana cikin haka wani saƙon murya ya fara yawo a wayoyi. Wani mutum ne mai murya kamar ya haɗiyi lasifika, ya ce shi babban likita ne a ƙasar waje, kuma mage ce ke yawo da cutar a gashinta. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi ƙasar ba, amma jama'a suka gaskata shi fiye da mu masu takardar shaida a bango. Daga ranar barandarmu ta cika da kwali da kwando, kowa ya zo a yi wa magensa allurar nan da ba a tashi daga barcinta.

A nan wasa ya ƙare mana. Allurar nan don dabbar da ciwo ya ci ƙarfinta aka tanade ta, ba don lafiyayya mai wasa da jelarta ba. Mukan yi bayani har maƙogwaro ya bushe, wasu su ji su koma da abarsu. Wani kuwa ya ce mana, "In ba za ku yi ba, ga buhu a mota, ga kogi a hanya." Baba Likita ya dube shi ya dubi magen, ya ce in riƙe masa ita. Na riƙe. Tana ta goga kanta a hannuna har ta yi shiru. Ranar Baba Likita bai taɓa abincinsa ba, ya je bayan asibiti ya zauna kusa da tankin ruwa har aka tashi. Ni kuwa na rantse a raina ba zan sake ba, ko da za a kore ni.

To kun san rantsuwa, kana yin ta sai a aiko maka da mai gwada ta. Tawa a farar mota aka aiko shi.

Injiniya ke nan, mai nemana. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba, sai dai Allah ya yi shi da tsoro. Takunkumi biyu yake sawa, ɗaya kan ɗaya, in ya gama waya sai ya goge ta da maganin wanke hannu kamar muryar mutum ma tana ɗauke da cuta. In ya zo wurina a bakin get yake tsayawa, ni ina can jikin bishiya, sai mun ɗaga murya muke jin juna. Babu gidan da bai san yana sona ba a layinmu. Maganar aurenmu an ɗage ta sai an buɗe gari, shi ya sa Umma kullum take tsaye a kaina.

"Ki dinga yi masa magana mai laushi. Namiji mai aiki da hankali ba a tsintarsa a titi. Kuma ki daina ba shi labarin kashin kare."

Ranar Talata da hantsi, ina sanye da koriyar rigar aiki da ta sha bilic har ta yi dabbare-dabbare, saƙonsa ya shigo.

"Dakta ina hanya. Auta ce ba lafiya. Kar ki tambaye ni komai a waya."

Bari in gabatar muku da Auta. Injiniya shi ne autan mahaifiyarsa, shekara talatin yana kan kujerar, har ranar da Hajiya ta tsinci wata 'yar mage fara mai baƙin kunne ɗaya a ƙarƙashin motar marigayi mijinta. Ta sa mata suna Auta, shi kuma aka koma kiransa da "kai yaron nan". Auta tana da matashin kanta, tana da kwanon tangaran, kuma a kan dardumar Hajiya take rama barci. Tun rasuwar maigidan, ita ce abokiyar hirarta.

Ya shigo da kwandon wanki na roba, an rufe shi da tawul an ɗaure da igiyar shanya. Ya riƙo shi nesa da jikinsa kamar mai ɗauke da garwashi, safar hannu har gwiwar hannu.

"Me ya same ta?" na tambaya ina kwance igiyar.

"Atishawa."

"Sau nawa?"

"Jiya uku. Yau biyu. Yaya ce ke ƙirgawa."

Yaya ita ce babbar yayarsu, wadda ta tattaro ta dawo gidan Hajiya da aka kulle gari don ta kula da ita. Hajiya tana da sukari da hawan jini, wannan gaskiya ne, kuma tsoron Yaya ba na ƙarya ba ne.

Na ɗora Auta a kan teburin ƙarfe. Ta dube ni sama da ƙasa irin kallon da dangin miji ke yi, ta yi miƙa. Na auna zafin jikinta, daidai. Na saurari ƙirjinta, tas. Ido garau, hanci ba majina, nauyi kuwa har ya so ya yi yawa. Sai na sunkuya na shinshina gashinta, wani wari ya daki hancina har ta cikin takunkumi, ni ma na saki atishawa. Injiniya ya yi tsalle ɗaya sai ga shi a bakin ƙofa.

"Ka dawo, ba mutuwa zan yi ba. Me kuke fesawa a gidan?"

"Maganin kashe ƙwayoyin cuta. Yaya tana fesa labule da kujeru sau uku a rana."

"Har da magen?"

Ya sosa ƙeya. "Ta ce ita ce ma ta fi buƙata."

"To lafiyarta ƙalau. A daina yi mata feshi, a buɗe tagogi. Ka mayar wa Hajiya abarta."

Bai motsa ba. Ya dubi silin, ya dubi hoton ƙasusuwan doki da ke bango, sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "Ba dubawa aka ce in kawo ta ba. Yaya ta ce a yi mata allurar nan."

Na ce, "Hajiya ta sani?"

"Tana barci muka ɗauko ta. Za a ce mata ta fita ba ta dawo ba."

Kafin in buɗe baki wayarsa ta yi ƙara, ya goge ta ya sa a lasifika ya ajiye a gefen tebur. Yaya ce.

"Amaryarmu, sannu da aiki. An gama?"

"Ina kwana Yaya. Ai na duba ta, ba ta da komai. Feshin ne ke shigar mata hanci. Kuma mu a iya saninmu ba mu ga hujjar cewa mage na zuba wa mutum wannan cutar ba."

"Ke kin fi likitan ƙasar waje ne?"

"Ban san shi ba Yaya, ita kuwa ga ta a gabana."

Da ta sake magana muryar ta sauka, kuma wannan ya fi min faɗan zafi. "Ƙanwata, uwa ɗaya ta rage mana. Maƙwabcinmu ranar Asabar aka fita da shi, ko gawarsa 'ya'yansa ba su gani ba. In wani abu ya sami Hajiya ta dalilin dabbar nan, ke za ki dawo mana da ita? Abin da ba ya ɗaukar minti biyar. Wannan ne abu na farko da muka taɓa nema a wurinki."

Ta kashe.

Na bar shi da Auta na shiga ofishin Baba Likita, na same shi yana ɗinke igiyar takunkuminsa da zaren tiyata. Na zayyana masa komai. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Ta waye magen?"

"Ta mahaifiyarsu."

"Ita ta sa hannu a takarda?"

"Ba ta ma sani ba."

"To kin ga babu allura. Wannan mai sauƙi ne." Ya mayar da tabarau. "Mai wuyar shi ne in kin mayar musu da ita, ina za ta kwana? Keji huɗu gare mu, duk a cike. Kuma ni, 'yata, tun wancan makon ban yarda da shawarata ba, balle in ara miki."

Na dawo na tarar Auta ta sauko ta kwanta a kan takalmin Injiniya, shi kuma ya ƙame kamar soja, yana numfashi da rabi.

"Ba zan yi ba," na ce. "Zan tafi da ita gidanmu ta yi kwana goma sha huɗu, kamar yadda ake killace mutane. Ka je ka faɗa wa Yaya haka, ka faɗa wa Hajiya gaskiya."

Ya gyaɗa kai da sauri har takunkumin sama ya zame. "Zan faɗa. Yanzun nan."

Masu karatu, da na san kalar faɗarsa da na rubuta masa a takarda.

Yanzu saura Umma. Mahaifiyata ba ta son mage ko a kalanda. Ta ce dabbar da ke tafiya ba a jin sawunta ba ta gaskiya ba ce. Da la'asar na shigo da kwandon wanki a kai, na yafa masa mayafina ruwan toka, ina sallama da fara'ar da ta wuce misali. Umma na falo a kan tabarma tana tsince shinkafa a faranti.

"Yaushe kika fara kawo wankin asibiti gida?"

Wanki ya ce, "Miyau."

Umma ta ajiye faranti a hankali. "Fita da shi."

"Umma ta surukarki ce."

Na ga yaƙi ya tashi a fuskarta, ƙin mage a gefe, son auren nan a gefe. Na ba ta labarin daga farko. Da na zo kan cewa na ƙi bin maganar Yaya sai ta dafe ƙirji.

"Kin yi wa babbar yayar miji musu a lasifika? A kan mage? Ke wai sai yaushe za ki gane mace da dangin miji take zama ba da dabbobi ba?" Ta dubi kwandon. "Amma su ma dai, a sace wa tsohuwa abin hirarta tana barci. Kai ta ɗakinki. In na ga gashi ɗaya a kujerata, ke da ita za ku koma asibitin."

Na zuba yashi a tsohon baho na ajiye bayan ƙofa, na shimfiɗa mata tawul. Auta ta dubi tawul ɗin, ta haye gadona ta kwanta a kan sabon leshina da na ajiye don ranar da za a buɗe gari. Na buɗe mata kifin gwangwani ta kau da kai. Ina cikin lallashi saƙon Injiniya ya shigo.

"Na yi magana da Yaya. Komai ya lafa."

Na rubuta, "Me ka ce mata?"

Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge.

"Na ce an gama."

"An gama me?"

"Ban fayyace ba. Ita ta fahimta yadda ta fahimta."

"Hajiya fa?"

"An ce mata ta ɓata. Dakta ki fahimce ni, in na ce tana wurinki Yaya za ta ce na zaɓe ki a kanta. A bari ƙura ta kwanta."

Sai ga hoton fure ya biyo baya, da zuciya guda uku. Na daɗe ina kallon furen nan. Wato Yaya ta ɗauka na kashe, Hajiya ta ɗauka ta ɓata, ni kuma da na ƙi aikata laifi ɗaya an sa ni cikin ƙarya biyu ba tare da an nemi izinina ba. Na kife wayar.

Kwana biyu Auta ba ta ci abin kirki ba. Tana zama a taga tana kallon get. Ranar Alhamis ba ni da aiki, na idar da sallar walha a ɗakin Umma na fito na tarar da abin mamaki: Umma a bakin ƙofar ɗakina, a tsugune, da tsokar kaza a tafin hannu.

"Ba don ke ba," take ce wa magen. "Don kar a ce kin rame a gidana."

Na koma da baya kafin ta gan ni, sai da ta tashi na shiga ɗakina. Ina zama a gefen gado wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na ɗauka.

"'Yata, ni ce, mahaifiyar yaron nan."

Na zame daga gado na durƙusa a ƙasa, kamar tana ganina. "Ina kwana Hajiya. An tashi lafiya? Ya jiki?"

"Jiki da sauƙi, zuciya ce dai." Muryarta ta dishe. "Auta ce ta fita tun shekaranjiya. Ba ta taɓa wuce bakin get ba. Na ce ke likitarsu ce, kin san halinsu. In na ajiye kwanonta a waje za ta ji ƙanshi ta dawo? Ko dai karnuka sun..." Ta kasa ƙarasawa. "Ko maganina ban iya haɗiya ba. Ina ajiye ƙafa a dardumar sai in ga wurinta."

Na ɗaga ido, Umma ta shigo ta tsaya a kaina. Ta ji komai, don wayata ba ta da sirri. Ta ɗora yatsa a leɓe tana girgiza kai, tana nuna min da hannu alamar in rufe baki in rufa wa kowa asiri. Na san lissafinta: in na faɗa, na tona Yaya, na tona Injiniya, na shiga gidan da ƙafar hagu tun kafin in shiga. In na yi shiru kuwa, tsohuwa mai hawan jini za ta ci gaba da ajiye kwano a bakin get.

Ban gama auna su ba Auta ta yanke hukunci. Ta ji muryar uwar ɗakinta, ta diro daga taga ta zo ta kafa baki a wayar ta saki wani dogon kuka da ban taɓa jin ta yi ba.

Umma ta zauna a bakin gado ta rafka tagumi.

Da ina so, da na ce magen asibiti ce, duk kukansu ɗaya. Har ƙaryar ta zo bakina. Sai na ce, "Hajiya, ita ce. Tana wurina, lafiyarta ƙalau."

Na faɗa mata komai. Na yi iya ƙoƙarina in sassauta, na ce Yaya tsoro ne ya sa ta, kuma tsoron don ita ne. Na ce Injiniya bai so a yi ba, shi ya sa bai matsa min ba. Hajiya ba ta katse ni ba. Da na gama sai na ji tana jan hanci, na ɗauka kuka ne, ashe har da dariya a ciki.

"Ta ci abinci?"

"Yanzu Umma ta ba ta kaza."

Umma ta harare ni kamar na faɗi wani abin kunyarta.

"Allah ya saka mata. Ba ta cin na gwangwani, kuma ruwanta a ɗan ɗumama." Ta numfasa. "Yanzu ki saurare ni. Ki riƙe ta har kwanakin da kika ɗiba su cika, don hankalin babbar ya kwanta, na san tsorona take ji. Amma kar ki faɗa wa kowa na sani."

"Hajiya?"

"Tun jiya suke taya ni nema. Ita tana leƙa ƙarƙashin gado, shi yana zagaya layi yana kiran Auta, Auta, da takunkumi biyu. Ina so in ga kwana nawa za su yi kafin ɗaya ya ji kunya. Yanzu ma zan tura shi ya hau rufin gareji."

Na toshe baki da mayafi. Umma ma kafaɗarta rawa take yi. A daidai lokacin saƙo ya faɗo a saman wayata: "Dakta ki yi min addu'a, Hajiya na nemana, wai in ɗauko tsani."

"Saura magana ɗaya," in ji Hajiya, dariyar ta bar muryarta. "Ni na haife shi, na san abina. Ba mugu ba ne, amma kin ga yadda yake in an matse shi, ya gwammace kowa ya kwana a duhu da a ɓata masa rai. Ubansa ma haka yake, na yi shekara talatin da biyar ina fassara shirunsa. Ke kuwa na ga ba kya iya haɗiye gaskiya. Ba uwarsa ke tambayarki ba, mace ce ke tambayar mace. Bayan abin da kika gani, har yanzu kina son auren yaron nan?"

Umma ta miƙe tsaye tana gyaɗa min kai da ƙarfi, har ɗankwalinta ya zame. Auta ta haye cinyata ta zauna ta zuba min ido. Na buɗe baki, na nemi "eh" ɗin da na saba faɗa ba tare da tunani ba, na tarar ba ya nan inda na ajiye shi.

"Ba sauri," Hajiya ta ce. "Ke ma na ba ki kwana goma sha huɗu."